Agolan adabi a ƙasan teku

Duk fim ɗin da aka shirya a kan jirgin ƙarƙashin teku da ya nitse, akwai ƙarya ɗaya da ba ya iya kauce mata, ita ce haske. Hasken rana yakan fara mutuwa tun daga mita 200 ƙasa da saman ruwa, kafin a kai mita 1,000 kuwa ko ƙyallinsa babu. Jirgin da wutarsa ta ɗauke a can ƙasa, mutanen cikinsa ko tafin hannunsu ba sa gani. To wa zai sayi tikiti ya zauna awa biyu yana kallon baƙin allo? Sai darakta ya nemo dabara: jar fitilar gaggawa da ba ta taɓa mutuwa, tocila a hannun kowa, wani shuɗin haske da ba a san ta inda yake shigowa ba. Da zarar an kunna fitilar nan, rabin bala'in ya gudu. Mun saba cewa gani ya kori ji. A ƙasan teku kuwa ganin ne ke korar gaskiya.

Shi ya sa nake so in kare wani nau'in littafi da masu karatu da yawa ke yi wa kallon hadarin kaji, wato ƙagaggen labarin kimiyya da aka rubuta daga fim, musamman fim ɗin jirgin ƙarƙashin teku da ya shiga uku. A yadda aka saba, littafi ne ke fara zuwa, fim ya biyo baya yana cin arzikinsa. Jules Verne ya ƙaga jirgin Nautilus tun 1870, masu fim suka yi ta ɗiba daga baya. Lothar-Günther Buchheim ya fitar da Das Boot a 1973, aka yi fim ɗinsa a 1981. Littafin Tom Clancy na jirgin Red October ya fito a 1984, fim ɗinsa a 1990. Waɗannan 'ya'yan gida ne, ba mai tambayar asalinsu. Amma in aka juya abin, fim ya haifi littafi, sai a ɗauke shi agola. Yana zaune a kantar littattafai, yana cin abinci tare da 'yan gida, amma kowa ya san da uwarsa ya zo.

Rainin yana da tushe, ba zan musa ba. Yawancin irin waɗannan littattafai kayan talla ne. Kamfani zai miƙa wa marubuci rubutun fim, ya ba shi makonni kaɗan, ya biya shi kuɗin aiki sau ɗaya, shi ke nan. Sau da yawa marubucin bai ma ga fim ɗin ba, domin ba a gama ɗauka ba. Wani lokaci ko sunansa ba a sakawa: littafin Star Wars na 1976 Alan Dean Foster ne ya rubuta shi, amma sunan George Lucas ne a bango. Kafin zuwan bidiyon gida, amfanin irin wannan littafi shi ne mutum ya tafi da fim ɗin gida a aljihu, tunda in an sauke shi daga sinima sai dai labari. Aikin haya ne, kuma ɗan haya ba ya dasa bishiya a tsakar gida.

Duk da haka, sau uku aka ba manyan marubutan labarin kimiyya aikin hayar nan a kan fim ɗin jirgin ƙarƙashin ruwa, kuma abin da ya fito daga hannunsu ya isa a tsaya a duba.

Na farko shi ne mafi rauni, don haka ba zan daɗe a kansa ba. A 1961 Irwin Allen ya shirya Voyage to the Bottom of the Sea, labarin wani jirgin nukiliya mai suna Seaview da ya fita ceton duniya bayan ɗamarar Van Allen ta kama da wuta. Ɗamarar nan gaskiya ce, an gano ta a 1958, wasu ƙwayoyi ne masu caji da maganaɗisun duniya ya riƙe a sararin samaniya. Sai dai wuta ba ta kamawa inda babu iska. A fim ɗin har akwai wurin da manyan ƙanƙara ke nitsewa suna faɗo wa jirgin a ka, alhali yaro ma ya san ƙanƙara yawo take yi a saman ruwa. Wanda aka ba aikin mayar da wannan tatsuniya littafi shi ne Theodore Sturgeon, mutumin da aka fi tunawa da maganarsa cewa kashi casa'in cikin ɗari na komai shara ne. Ya yi aikin, ya karɓi kuɗinsa. Alƙalami komai kaifinsa ba ya miƙe labarin da ƙashin bayansa ya karye tun daga haihuwa, kuma wannan iyaka za mu sake cin karo da ita.

Na biyu ya fi ba ni dariya. Fantastic Voyage na 1966, wanda Richard Fleischer ya ba da umarni, labarin jirgin ƙarƙashin ruwa ne mai suna Proteus da aka ƙanƙance shi da mutanen cikinsa har ya kai girman ƙwayar cuta, aka ɗura shi cikin jinin wani masanin kimiyya don a fasa gudan jinin da ya toshe masa ƙwaƙwalwa. Tekun a nan jikin mutum ne. Sharaɗin labarin shi ne bayan minti 60 komai zai koma girmansa na asali. A ƙarshen fim jirgin ya lalace, wata farar ƙwayar jini ta haɗiye shi, ma'aikatan suka tsere ta hawayen ido, aka tashi ana murna. Isaac Asimov, wanda marubuci ne kuma farfesan kimiyyar sinadaran jiki, ya duba rubutun ya ga ɓaraka: to tarkacen jirgin fa? Ko an narkar da shi, ƙwayoyinsa na nan a kan majinyacin, kuma in minti 60 ya cika za su kumbura su tarwatsa kan mutumin da aka zo ceto. A littafinsa sai ya sa ma'aikatan suka ja hankalin farar ƙwayar ta biyo su har waje, tarkacen ya girma a ɗakin tiyata. Kuma da yake Asimov ya fi kamfanin fim sauri, littafin ya riga fim ɗin fita da kusan wata shida, har mutane da yawa suka ɗauka daga littafinsa aka ciro fim ɗin. Agola ya wayi gari ana kiransa magajin gida.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa ɓarakar ta wuce a sinima amma ba za ta wuce a takarda ba. Mai kallo a cikin mota yake, direba ke jan sa, ba shi da damar cewa a tsaya. Kiɗa ya tashi, fuska ta yi murmushi, an wuce wurin. Mai karatu kuwa da ƙafa yake tafiya. Yana iya tsayawa, ya koma shafi na baya, ya ƙirga. Labarin jirgin da ya nitse kuwa kusan dukkansa ƙirga ne. Kowace mita 10 da aka sauka, ruwa na ƙara matsi daidai da wanda iskar duniya ɗungurungum ke yi mana a doron ƙasa. A mita 1,000, fili mai girman farcen yatsa na ɗauke da kilo kusan 100. Mutum nawa ne a ɗakin, iskar nawa ce ta rage, awa nawa za ta kai. Kuma yawanci ba ƙarewar oksijin ke fara kayar da mutane ba, gurɓatacciyar iskar da su kansu ke fitarwa ce ke taruwa, ta kawo ciwon kai, ta kawo ruɗu, ta sa mai hankali ya kasa haɗa biyu da biyu. Ga sanyi, domin ruwan zurfi bai fi digiri huɗu ba, ƙarfen jirgin kuma yana zuƙe ɗumin jiki ba ƙaƙƙautawa. Wanne daga cikin waɗannan kyamara ke iya ɗauka? Iyakarta ta nuna agogo da gumi a goshi.

Na ukun shi ne hujjata ta gaske. The Abyss na James Cameron ya fito a 1989. Yana buɗewa da wani jirgin yaƙin Amurka mai ɗauke da makaman nukiliya, Montana, da ya haɗu da wani abu da ba a sani ba, ya bugi dutse ya nitse a bakin ramin Cayman, wanda zurfinsa ya haura mita 7,000 a tekun Karebiyan. Sai aka nemi ma'aikatan wata tashar haƙar mai ta ƙarƙashin teku su taimaka wa sojojin ruwa a kai ga jirgin. An ɗauki yawancin fim ɗin a cikin wata tashar nukiliya da ba a gama ginawa ba a Gaffney, jihar South Carolina, aka cika tankinta da ruwa aka rufe samansa don a kore hasken rana. A ce Cameron bai damu da gaskiyar ruwa ba, an yi masa ƙazafi. Ko ɓeran da aka nuna yana shaƙar ruwa a fim ɗin da gaske ya shaƙa, wani ruwa ne na musamman mai riƙe oksijin, irin wanda Leland Clark da Frank Gollan suka gwada a kan ɓeraye tun 1966.

Orson Scott Card, wanda a lokacin tauraronsa ke tashe a fagen labarin kimiyya, shi aka ba aikin littafin, kuma ba a yi masa irin riƙon da ake yi wa 'yan haya ba. An bar shi ya je wurin ɗauka, an bar shi ya ƙara abin da babu a rubutun fim. Babi ukun farko na littafin babu ko ɗigon tekun Cayman a cikinsu. Ƙuruciyar mutum uku ce: Bud shugaban ma'aikata, Lindsey matarsa injiniya wadda aurensu ke tangal-tangal, da Coffey jagoran sojojin. Cameron ya ɗauki waɗannan babuka ya ba 'yan wasan su karanta don su san mutanen da za su zama. A nan al'amarin ya juye gaba ɗaya, domin littafin da aka haifa daga fim ya koma ya shayar da fim ɗin tun yana ciki.

Coffey ne ma'aunin. A fim muna ganin hannunsa na rawa, an gaya mana cutar matsin zurfi ce ta kama shi, wadda gaskiya ce, tana kama masu ninƙaya da ke shaƙar iskar heliyam a zurfi mai yawa. Daga nan sai ya zama mugun fim kamar kowane mugu, ido a zare, wuƙa a hannu, yana neman tayar da bam. Mai kallo na jiran mutuwarsa ya yi tafi. A takarda kuwa kana cikin kansa tun yana yaro, ka san yadda ya koyi cewa biyayya da kare waɗanda ke ƙasa da shi su ne dukkan mutuncinsa. Sai ka ga cutar ba ta kawo masa sabuwar mugunta ba, kyawawan halayensa ta kama ta murɗe. An yanke shi daga shugabanninsa, ga makamin nukiliya, ga wani abu da ba a san ko na abokan gaba ba ne, ga ƙwaƙwalwa da ke yaudararsa ba tare da ya sani ba. Kowane mataki da ya ɗauka daidai yake a lissafinsa. Wannan ya fi zare ido ban tsoro nesa ba kusa ba, domin irin mutumin nan ake horarwa a saka a jiragen gaske, a miƙa masa mabuɗi.

Card ya kuma ba baƙin halittun da ke zaune a ramin, wato abin nan da Montana ya haɗu da shi, tunani da tarihi. A fim kyawawan fitilu ne masu yawo, ba ka san me suke so ba. A littafin wata al'umma ce mai ratsa taurari tana neman duniyoyi masu zurfin ruwa ta zauna, kuma tana auna mu, tana neman gane wace irin halitta ce ke kawo makamin ƙare dangi har ƙofar gidan wanda bai tsokane ta ba. Fim ɗin da aka nuna a sinima a 1989 an yanke masa kusan rabin awa, har da wurin igiyar ruwa mai tsawon dutse da ta tsaya a kan biranen gaɓar teku a matsayin gargaɗi, shi ya sa ƙarshensa ya zo wa mutane kamar an fizge tabarma. Sai bayan 'yan shekaru aka mayar da abin da aka yanke. A tsakanin nan, wanda ya karanta littafin ne kawai ya san inda labarin ya dosa.

To ga inda ni kaina nake ja da baya. Agola komai ƙoƙarinsa ba shi da ikon sauya ginin gidan. Card zai iya zurfafa mutane, amma ba zai iya hana baƙin nan zuwa ceto a ƙarshe ba, domin fim ɗin ya riga ya yanke haka. Bud ya sauka ramin da iskar da ba za ta dawo da shi ba, sai ga hannu daga duhu ya ɗauke shi. Tashar da ta lalace ta taso sama da kowa a ciki, har an ce an gyara musu jiki don kada saurin tasowa ya kashe su. Matuƙan Montana kuwa, waɗanda mutuwarsu ce ta buɗe labarin, an bar su a baya tun da wuri. Jirginsu ƙofa ce kawai da aka bi aka shiga labarin wasu.

Teku ba ya yin haka. A ranar 10 ga Afrilun 1963 jirgin Amurka Thresher ya nitse lokacin gwajin zurfi da mutum 129, ruwa ya murƙushe shi tun kafin ya kai ƙasa. A 1968 Scorpion ya tafi da 99. San Juan na Ajantina ya ɓace a Nuwamban 2017 da mutum 44, sai bayan shekara guda aka gano tarkacensa a zurfin kusan mita 900. Nanggala na Indonesiya ya tafi da 53 a Afrilun 2021. Ceton da ake yawan ambato, na Squalus a 1939, inda aka fito da mutum 33 da wata ƙararrawar ƙarfe da ake saukarwa daga sama, ya yiwu ne don jirgin ya kwanta a zurfin da bai kai mita 80 ba, kuma ko a nan mutum 26 sun mutu. Yawancin faɗin teku ya zarce zurfin da jikin jirgin yaƙi ke iya jurewa. Wanda ya nitse a can babu ɗakin jira, babu agogo.

Mun ga abin da shekaru na irin waɗannan finafinai suka yi wa tunanin jama'a a watan Yunin 2023, lokacin da ƙaramin jirgin Titan ya ɓace da mutum biyar a hanyarsa ta zuwa tarkacen Titanic. Kwana huɗu gidajen talabijin na ƙirga awa 96 na iskar da aka ce ta rage, wasu har da agogo a gefen allo. Ashe jirgin ya riga ya murƙushe tun ranar farko, yana kan sauka. Duniya ta zauna tana kallon fim ɗin da ta haddace, tana jiran hannun nan daga duhu. Kwanaki kaɗan kafin haka kuma wani jirgin kamun kifi maƙare da 'yan ci-rani ya kife kusa da gaɓar Girka, ɗaruruwa suka mutu, amma su ba su da rubutun fim da aka saba da shi, sai labarinsu ya wuce kamar iska. Cameron da kansa, wanda ya sauka wurin Titanic fiye da sau talatin, ya kuma kai wuri mafi zurfi a teku shi kaɗai a 2012, yana cikin waɗanda suka fito suka ce tun farko ƙirar jirgin ba ta dace ba, kuma bai yarda da ƙirgan awannin ba.

Don haka ba ina cewa littafin da aka ciro daga fim magani ne ga wannan ba. Ya gaji zaƙin ƙarshen fim, dole ya haɗiye. Abin da nake cewa shi ne, cikin 'ya'yan labarin nan biyu, shi ne mai iya zama a duhu ba tare da ya nemi fitila ba, shi ne mai iya tsayawa shafi goma a kan mutum ɗaya yana jira ba abin da ke faruwa sai numfashi. In har za a ci gaba da juya mutuwar matuƙa zuwa nishaɗi, kuma za a ci gaba, to gara a ba marubuci na gaske aikin, a sake masa mara kamar yadda aka sake wa Asimov da Card, a daina ba shi mako uku da umarnin kada ya taɓa komai. Masu sharhi kuma su karanta kafin su yamutsa fuska.

Akwai wani abu a The Abyss da ban ga an cika lura da shi ba. A wuri mafi zurfi na fim ɗin, lokacin da Bud ke faɗawa ramin huhunsa cike da ruwan shaƙa, ba ya iya magana. Fuskarsa ma da ƙyar ake gani. Sai ya koma danna haruffa a wani ɗan allo da ke ɗaure a hannunsa, matarsa na karantawa daga sama, haruffan na karkacewa yayin da matsin ke cin ƙwaƙwalwarsa. Fim ɗin da aka kashe wa dukiya mai yawa, wanda ya ci kyautar Oscar a kan dabarun hoto, da ya kai ƙasan labarinsa sai ya ajiye hoto ya koma rubutu.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, ranar 12 ga Agustan 2000, wani makami mai amfani da sinadarin haidurojin faroksaid ya fashe a gaban jirgin Rasha Kursk a tekun Barents, bayan kamar minti biyu sauran makaman suka tashi gaba ɗaya. Mutum 118 ne a ciki. Jirgin ya kwanta a zurfin mita 108, alhali tsawonsa mita 154 ne, wato da za a tsayar da shi a kan hancinsa da wutsiyarsa ta leƙo sama. Mutum 23 sun tsira daga fashewar suka taru a ɗaki na tara, can baya. Sai ranar 21 ga wata masu ninƙaya daga Norway suka buɗe ƙofar, suka tarar ruwa ya cika ɗakin. An yi fim a kan wannan a 2018, da fitilu da kiɗa da sunayen da aka sauya. Amma abin da muka sani na sa'o'in nan daga takarda ya fito, wadda aka samu a aljihun wani hafsa, Dmitri Kolesnikov. Ya sa lokaci, ya jera sunayen waɗanda ke tare da shi, ya rubuta wa matarsa 'yan kalmomi. Layukan farko a miƙe suke. Na baya sun hau kan juna, kuma a cikinsu ya ce duhu ya yi yawa ba a ganin rubutu, amma zai gwada da lalube.